Yadda ake farfaɗo da gajeren dajin gaɓar Kalifoniya domin tsuntsun murtsunguwa

A kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, tun daga gundumar Bentura, a biyo ta Los Anjalas da Orenj da San Diyego har a tsallaka Baja ta ƙasar Meziko, akwai wani gajeren daji da ke lulluɓe tuddai da gangaren da ke kallon tekun Fasifik. Itatuwansa ba su cika wuce ƙugun mutum ba, ganyensu na da ƙamshi, kuma da rani sukan kaɗe ganye su yi furu-furu har baƙo ya ɗauka sun mutu. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na wannan daji ya riga ya tafi. Gidaje da tituna da gonaki sun cinye mafi yawansa, gobara kuma tana ƙarasa abin da ya rage.

Tsuntsaye biyu ne suka fi jin jiki. Na farko ɗan ƙarami ne mai ruwan toka da baƙar wutsiya, macin-sauro na Kalifoniya (Polioptila californica), wanda nauyinsa bai wuce giram 5 zuwa 7 ba, kuma gwamnatin tarayyar Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a 1993. Na biyu shi ne tsuntsun murtsunguwa na gaɓa (Campylorhynchus brunneicapillus), mai ɗigo-ɗigon baƙi a ƙirji da farin zane a saman ido, tsawonsa kusan santimita 20. A kan na biyun za mu fi tsayawa, domin buƙatarsa ta fi tsanani, kuma wanda ya gyara masa wuri ya gyara wa ɗan ƙaramin ma.

Wannan tsuntsu ba ya ƙaura, ba ya kuma yin sheƙa a ko'ina sai cikin murtsunguwa mai ƙaya wadda ta kai tsawon mita ɗaya ko fiye. Sheƙar tasa kamar gora ce kwance, ta ciyawa, da ƙofa a gefe guda, kuma ba don ƙwai kaɗai yake yin ta ba, a ciki yake kwana duk tsawon shekara. Ƙayar ce katangarsa daga maciji da shaho. Murtsunguwar da aka dasa daga tafi ɗaya, wato faffaɗar gaɓarta guda, kuwa takan ɗauki shekara biyar zuwa goma kafin ta kai wannan tsawo, wani lokaci ma fiye, gwargwadon ƙasa da ruwa. A kan wannan jinkiri aka gina duk matakan da ke biye. Gobarar Laguna ta watan Oktoban 1993 a gundumar Orenj ta nuna haka a fili: fiye da shekara goma bayan wutar, yawancin murtsunguwar da ta ƙone ba ta koma tsawon da tsuntsun zai iya amfani da ita ba, kuma ya ɓace daga mafi yawan wuraren da ya saba zama a wannan yanki. A 2007 gobarar Santiyago a gundumar Orenj da ta Wic Kirik a San Diyego suka ƙara cinye wasu manyan wuraren.

Zaɓen wuri da izini

Kuskure mafi tsada shi ne a zaɓi fili don kawai shi ne a hannu. Tsuntsun murtsunguwa ba ya tafiya da nisa. 'Ya'yan da suka bar sheƙa sukan nemi wuri ne kusa da iyayensu, kuma ba sa son tsallake unguwanni da manyan tituna. Binciken ƙwayoyin halitta da hukumar binciken ƙasa ta Amurka (USGS) ta yi ya nuna cewa tsuntsayen yankin sun rarrabu zuwa ƙananan rukunoni da ba sa cuɗanya da juna. Saboda haka a dasa a gefen inda tsuntsayen suke yanzu, cikin tazarar kilomita ɗaya in da hali, ko kuma a tsakanin rukunoni biyu domin a samar musu da zango. Fili mai kyau da ke nesa da kowa zai iya zama shekaru babu mai zuwa.

Miji da mata guda suna riƙe yanki mai faɗin kusan hekta ɗaya zuwa biyu. A yi lissafi da wannan: ɗan guntun fili mai rabin hekta yana da amfani a matsayin ƙari ga wurin da ake da shi, amma shi kaɗai ba zai riƙe iyali ba. Murtsunguwa ta fi son gangaren da ke fuskantar kudu ko yamma, mai rana sosai, mai ƙasa da ruwa ke wucewa da sauri. Gangaren arewa ya fi sanyi da laima, can manyan itatuwa za su rufe ta. Ƙasa mai laka da ke riƙe ruwa tana ruɓar da saiwa.

Kafin fartanya ta taɓa ƙasa, a san abin da ke wurin. A zagaya da sassafe, tsakanin ƙarfe shida da tsakar rana, a saurari kuka, a nemi sheƙa. Sabuwar sheƙa ciyawarta a tsaye take, ƙofarta a buɗe kuma a zagaye, sau da yawa da gashin tsuntsu a bakinta. Tsohuwa takan yi toka-toka ta rufta. Binciken macin-sauro da ake kunna muryarsa ta lasifika don ya amsa, ba kowa doka ta yarda ya yi ba, sai mai lasisi daga Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 kuma ta hana lalata sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, har da ta tsuntsun murtsunguwa duk da ba ya ƙaura. A aikace, daga 15 ga Fabrairu zuwa 31 ga Agusta lokacin kiwo ne, wato na ƙwai da renon 'ya'ya, ba a sassabe ba a shiga da inji, sai dai in masani ya duba ya shata iyaka. Idan filin yana cikin ɗaya daga tsare-tsaren kare muhalli da suka biyo bayan dokar jihar ta 1991, kamar na tsakiya da gaɓar gundumar Orenj da aka amince da shi a 1996, to akwai masu kula da shi, kuma da su za a fara magana.

Tsohuwar murtsunguwa kafin sabuwa

Idan kuɗi ko ma'aikata ba su isa a yi komai ba, a fara da kare murtsunguwar da ta riga ta girma. Aikin yini biyu a gindinta yana ceton abin da shekara goma ta gina. Abin da ke kashe ta shi ne busasshiyar ciyawa da ke taruwa a tsakanin tafukanta. Murtsunguwa cike take da ruwa, ba ta kama wuta da kanta, amma idan ciyawa ta cika gindinta, wutar kan shiga har tsakiya ta dafa ta. A janye wannan tari da manjagara mai doguwar ƙota da awartaki, daga gindi har zuwa mita ɗaya ko biyu kewaye, a kwashe a fitar daga filin. A yi shi tsakanin Satumba da Janairu, a kuma lura da macizai masu ƙararrawa a wutsiya, domin nan ne maɓoyarsu.

Akwai kuma tsirrai na asalin wurin da ke iya danne ta. Yaɗo irin su Marah macrocarpa da Calystegia kan hau kanta su lulluɓe, manyan itatuwa irin su Rhus integrifolia da Malosma laurina kuma kan yi mata inuwa har ta sirance ta karye. Ba a tumɓuke su gaba ɗaya, suna da nasu amfanin. A dai datse rassan da suka hau kanta.

Yaƙi da baƙuwar ciyawa

A nan yawancin ayyukan farfaɗowa ke faɗuwa, kuma dalilin kusan ɗaya ne kullum: gaggawar dasawa. Filin da ya lalace cike yake da irin baƙin ciyayi da aka shigo da su daga yankin Bahar Rum, irin su Bromus da Avena, da baƙin mustad (Brassica nigra) wanda ke wuce tsawon mutum, da ƙayar Centaurea melitensis. Suna tsirowa da ruwan farko, kafin 'yan asalin wurin su farka, su shanye laimar saman ƙasa, su zubar da iri, su bushe a watan Mayu su zama makamashi. Hayaƙin motoci ma na taimaka musu, don sinadarin naitirojin da ke sauka daga iska taki ne gare su. Dajin asali yana iya jure gobara idan akwai shekaru masu yawa tsakanin wata da wata, talatin ko fiye. Idan wuta ta dawo cikin ƙasa da shekara goma, itatuwan ba su kai ga zubar da isasshen iri ba, sai filin ya rikiɗe ya zama na ciyawa zalla, ita kuma ta jawo wata wutar.

Dabarar ita ce a bar ciyawar ta tsiro a kashe ta, a sake bari ta tsiro a sake kashewa, har irin da ke kwance cikin ƙasa ya ragu. Da farko a yanke busasshen tarin bara a kwashe, domin ƙasa ta fito fili. Ruwan sama a wannan yanki yana sauka ne lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma ba shi da yawa, a San Diyego kusan milimita 250 ne a shekara. Bayan ruwan farko da mako biyu zuwa uku, ciyawa za ta kai santimita 5 zuwa 10, lokacin kashe ta ke nan, kafin ta yi kai. A maimaita sau uku ko huɗu cikin lokacin ruwa. Inda akwai bututun ruwa, ana iya yin ban ruwa da rani a ƙara zagaye biyu ko uku. A fili mai mustad da yawa, shekara ɗaya ba ta isa ba, a ba shi biyu. Masu ba da kuɗi ba sa son ganin fili tsirara har shekara biyu, amma wanda ya tsallake wannan mataki zai biya ninki a cirar hannu daga baya.

Hanyar kashewa ta danganta da girman fili. Ƙaramin wuri, fartanya da hannu. Babba, feshin maganin ciyawa: gilaifoset yana kashe duk abin da ya taɓa, don haka sai inda babu 'yan asali, fuluwazifof kuma ciyawa mai siririn ganye kaɗai yake kashewa, ana iya fesa shi a tsakanin itatuwa, sai dai zai kashe ciyawar asali irin Stipa pulchra ita ma. Jihar Kalifoniya na da tsauraran ƙa'idoji kan feshi, a sa mai lasisi, kuma ba a yi idan iska na kaɗawa. Abu ɗaya da za a guje wa shi ne huɗa. Juya ƙasa yana fito da tsohon irin da ya nutse, ya kuma tsinke zaren naman gwari da saiwar itatuwan asali ke dogara da shi wajen shan ruwa. Kada kuma a sa taki ko kaɗan. Itatuwan wannan daji sun saba da ƙasa marar ƙarfi, ciyawa ce ke cin ribar taki.

Dasa murtsunguwa

Iri uku ake nema: Opuntia littoralis da Opuntia oricola, masu faffaɗan tafi, da Cylindropuntia prolifera, mai gaɓoɓi zagayayyu da ƙaya mai ƙugiya. Ta ukun tana tashi tsaye, kuma inda take tsuntsun yana son ta ƙwarai. A yi hankali da Opuntia ficus-indica, wadda aka kawo daga Meziko ake nomawa don 'ya'yanta. Tana girma da sauri, wannan ne ke jan mutane, amma ƙayarta kaɗan ce, ba ta kare sheƙa, kuma tana barbara da ta asali. Idan aka ga tafi babba ƙwarai mai santsi kusa da tsohon gida ko gona, a bar shi. A ɗebo tafuka daga kusa, cikin kwari ɗaya ko gangare ɗaya in zai yiwu, kada a shigo da su daga wata jiha. Wata malam-buɗe-littafi mai suna Cactoblastis cactorum, wadda tsutsarta ke cinye murtsunguwa daga ciki, ta shiga jihar Fulorida ta Amurka tun 1989, kuma ta hanyar safarar tafuka take saurin yaɗuwa.

Wajen yanka, a riƙe tafin da awartaki, a yanke daidai gaɓa da wuƙa mai kaifi, a goge wuƙar da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a koma wata uwar. Safar hannu ta fata tana tare manyan ƙayoyi, amma ƙananan masu kama da gashi suna ratsa ta su zauna, shi ya sa awartaki ya fi. Kada a ɗauki fiye da ɗaya cikin goma na tafukan uwa guda. A ɗauka daga gefe da ƙasa, kada a rage mata tsawo, kuma duk wadda ke ɗauke da sheƙa, ko tsohuwa ce, a ƙyale ta. A tattaro daga uwaye da yawa, talatin ko fiye, domin kada duk filin ya zama jinin uwa ɗaya.

Ba a dasa tafi ranar da aka yanke shi. A shimfiɗa su a inuwa, wuri mai iska, ba a ɗora wani kan wani ba, mako biyu zuwa huɗu, har bakin yankan ya bushe ya yi tauri ya koma launin ƙasa. A taɓa da yatsa: in akwai sauran danshi ko laushi, bai yi ba. Ɗanyen yanka a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi ruɓewa yake yi, ya yi baƙi daga ƙasa ya narke. Wannan shi ne dalilin mutuwar yawancin tafuka a watan farko.

Ramin ba ya buƙatar zurfi. A binne kashi ɗaya cikin uku na tafin, bakin yankan a ƙasa, a danna ƙasa da ƙafa, in yana rangaji a tokare shi da dutse. A juya shi yadda siririn gefensa zai kalli kudu, faffaɗan fuskokinsa su kalli gabas da yamma, don kada ranar tsaka ta ƙone shi kafin ya yi saiwa. Tafin da aka kwantar a ƙasa ma yana yin saiwa, kuma hakan ya fi sauri idan tafuka dubbai ne, amma yakan fara yaɗuwa ne maimakon tashi. Gaɓoɓin Cylindropuntia kuwa ajiye su kawai ake yi a ɗan danna cikin ƙasa. Kada a ba da ruwa sai bayan mako biyu zuwa uku.

Tun da tsawo ake nema, duk abin da zai rage shekaru ya cancanci wahalarsa. Reshe mai tafi uku zuwa biyar a haɗe ya fi tafi ɗaya nisa, ko da yake yana buƙatar turke. Rainon tafuka a tukwane shekara ɗaya ko biyu, da ruwa a kai a kai, yana sa su shiga fili da saiwa da tsawo. Abin da ya fi duka shi ne ceto manyan murtsunguwa daga filin da za a yi gini. Ana tono su da saiwarsu da injin haƙa, a naɗe da tsohuwar darduma ko buhu, a ɗaure, a bar saiwar da ta yanke ta bushe kwanaki kaɗan, sannan a dasa a daidai zurfin da suke a da, a kuma juya su su fuskanci inda suka saba fuskanta. A sa alama a gefen arewa da fenti tun kafin a tono. Ko guda goma irin waɗannan a tsakiyar fili suna ba tsuntsu wurin kwana tun shekarar farko.

Tsarin dasawa yana da muhimmanci kamar yawanta. Kada a jera layi-layi ko a warwatsa ɗaya-ɗaya. A yi dunƙule-dunƙule: tafi 15 zuwa 25 a cikin da'ira mai faɗin mita uku zuwa biyar, tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya tsakaninsu, yadda za su haɗe su jingina da juna su tashi sama. Tsakanin dunƙule da dunƙule a bar mita goma zuwa ashirin domin sauran itatuwa da fili. A sa manyan a tsakiya, ƙanana a gefe. A kuma dasa fiye da abin da ake so ya rayu, don dole wasu su mutu.

Sauran itatuwan

Murtsunguwa gida ce, abinci kuwa a jikin sauran tsirrai yake da kuma ƙasa. Tsuntsun yana cin fara da gizo-gizo da buzuzu da tsutsotsi, yakan sauka yana juya ganye da ƙananan duwatsu da baki. Fili da ciyawa ta rufe ba shi da amfani gare shi, ko da murtsunguwar ta kai tsawo. Don haka ana son itatuwa su rufe kusan rabin ƙasa, sauran ya zama fili da ƙananan furanni.

Ginshiƙan su ne tazargaden Kalifoniya (Artemisia californica), wanda macin-sauro ya fi yawan yin sheƙa a cikinsa, da Eriogonum fasciculatum, da Encelia californica, da Salvia mellifera da Salvia apiana. A ƙara Acmispon glaber, mai saurin rufe ƙasa a shekarun farko sannan ya ja baya da kansa. A gefen kwari, inda akwai ɗan danshi, a sa itacen Sambucus ɗaya ko biyu kusa da kowane dunƙule, domin tsuntsun na hawa kansa ya yi kuka, yana kuma samun ƙwari da 'ya'yan itace a jikinsa. A bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin kowane itace da murtsunguwa. Encelia musamman tana girma cikin shekara biyu ta rufe ƙaramin tafi ruf.

Shuka iri ta fi araha kuma saiwarta ta fi kama ƙasa. A tara irin daga tsirrai hamsin ko fiye na kusa, kada a kwashe sama da kashi ɗaya cikin biyar na abin da kowanne ya yi. Irin Salvia na nuna a farkon rani, na Eriogonum a ƙarshen rani, na tazargade sai wajen Nuwamba zuwa Janairu. In saye za a yi, a nemi takardar gwaji, a yi lissafi da irin da ke da rai, ba da nauyin buhu ba. Misali, buhun da tsabtarsa kashi 50 ce, tsirowarsa kashi 40, rayayyen irin da ke ciki kashi 20 ne kacal, wato sai an watsa kilo biyar a sami kilo ɗaya. A watsa tsakanin Nuwamba da Janairu, gab da ruwa mai ƙarfi, a kan ƙasar da aka ɗan karce da manjagara, sannan a danna. Irin tazargade ƙanana ne ƙwarai kuma suna buƙatar haske, idan aka binne su ba za su fito ba. Irin Acmispon kuma ɓawonsa na da tauri, a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana a ciki kafin shuka.

Dashen tukunya yana da amfani a gangare mai tsauri ko inda ake son sakamako da wuri. Ƙaramar tukunya, galan ɗaya ko ƙasa da haka, ta fi babba, don saiwar ba ta nannaɗe ba. Amma a nan akwai haɗari na gaske. A 2012 aka gano cutar saiwa mai suna Phytophthora tentaculata a gandun rainon tsirrai a Kalifoniya, daga baya aka same ta da 'yan uwanta a filayen da aka yi dashe. In ta shiga ƙasa, fitar da ita abu ne mai matuƙar wuya. A sayi dashe daga gandun da ke turara ƙasarsa da zafi, yake ɗora tukwane a kan tebur ba a ƙasa ba, yake kuma gwaji. Duk dashen da saiwarsa ta yi baƙi ko ta yi laushi a mayar da shi. A wanke takalma da shebur kafin shiga fili.

Ruwa da masu ɓarna

Dashen tukunya na buƙatar ruwa a shekarar farko, wani lokaci har ta biyu: lita huɗu zuwa takwas ga kowanne ranar dasawa, sannan duk mako biyu idan ruwan sama ya yi jinkiri, a riƙa tsawaita tazarar. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi kaɗan kullum, don saiwa ta bi shi ƙasa. Murtsunguwa na amsa ruwan rani, sau ɗaya a wata yana ƙara mata girma a bayyane. Sauran itatuwan kuwa barci suke yi da rani, ruwa a ƙasa mai zafi yana jawo musu ruɓewar saiwa. Ƙasa mai danshi kullum tana kuma kiran kiyashin Ajantina, baƙo ne da ke korar tururuwar asali, yana kuma iya far wa 'ya'yan tsuntsu a sheƙa. Da zarar dashe ya kama, a naɗe bututun a fitar.

Zomaye da ɓerayen daji na gaigayar sabon tafi, musamman a shekarar fari, wani ɓeran ƙasa kuma na cin saiwa ta ƙarƙashi. Zoben ragar waya mai tsawon santimita 60, an ɗan binne gindinsa, yana maganin zomo. A cire shi kafin tsiron ya cika shi. Farin abu kamar auduga a jikin tafi ƙwaron koshinil ne, kaɗan ba ya kisa, idan ya yi yawa a wanke da ruwa mai ƙarfi.

Kusa da unguwanni, kuliyoyin gida da hankaki da shaho sun fi yawa, saboda shara da dogayen itatuwan da aka shuka. Kada a dasa dunƙulen murtsunguwa a ƙarƙashin itacen turare ko falwaya ko shinge mai tsawo, nan shaho ke zama yana jira. Macin-sauro na da wata masifar daban: tsuntsun shanu (Molothrus ater) yana saka ƙwansa a sheƙarsa, ɗan baƙon ya girma ya danne 'ya'yan gida. Ana kama shi da tarko lokacin kiwo, amma sai da izinin hukuma, kuma dole a duba tarkon kullum a saki sauran tsuntsayen da suka faɗa.

Awo da abin yi bayan gobara

A kafa turakun ƙarfe a wurare kaɗan, a riƙa ɗaukar hoto daga nan, fuska ɗaya, wata ɗaya, kowace shekara. A ja igiyar awo mai mita 50, a rubuta abin da ke ƙarƙashin kowace mita: ɗan asali, baƙo, ko ƙasa. A auna tsawon murtsunguwa mafi tsayi a kowane dunƙule, a ƙirga nawa suka wuce mita ɗaya. Cirar ciyawa za ta ci gaba aƙalla shekara biyar, sau uku ko huɗu a kowane lokacin ruwa, kuma ma'aikatan su iya bambanta jaririn tazargade da baƙuwar ciyawa, in ba haka ba za su cire abin da aka shuka. Yawancin kwangiloli shekara biyar suke ƙarewa, daidai lokacin da murtsunguwar ke gab da yin amfani, don haka a nemi kuɗin kulawa na shekara goma tun daga farko. Alamar farko ta nasara takan zama sheƙar kwana, ƙwai sai daga baya.

Idan iskar Santa Ana, busasshiyar iska mai zafi da ƙarfi, ta kawo wuta a ƙarshen shekara ta ci filin, kada a yi saurin tumɓuke abin da ya ƙone. Murtsunguwar da ta yi fari ta yamutse a sama sau da yawa gindinta na da rai, za ta toho bayan ruwa. A jira wata shida kafin a yanke hukunci. Tafukan da suka faɗi da sauran kore a jikinsu a tsince su, a yanke ɓangaren da ya dahu, a busar, a sake dasawa. Kada a watsa irin ciyawa don tare zaizaya, a yi amfani da naɗin bambaro marar iri a kwance a gangaren. A rufe hanyoyin da mutane da kekuna za su buɗe cikin toka. Sannan duk ma'aikatan da ake da su a tura su cirar mustad da Bromus a wannan lokacin ruwa na farko, a fara daga gindin dunƙulen da suka tsira, domin a cikinsu tsuntsayen da suka kuɓuta za su taru.